Inna, hwentin Sanusi ya ƙwace min Baba

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga mahaihiyatai, ni na Bello babban ɗanki, wanda duk Boɗinga ba mai idon kala irin nawa. Ƙara nik kawo miki.

Da kinka rasu munka ce Baba ba ya zama shi ɗai Dingyaɗi. Ni da ƙanena Sanusi kowa shi gyara mai ɗaki, inda yaz zaɓa can za shi zamna. Dariya niy yi har da riƙe ciki. Sanusin da ko hula bai iya zaɓe ba.

Nit tahi Sakkwato nis sawo hwenti shuɗi, irin na sama in an ɗauke ruwa. Kina shiga sanyi za ki ji ko babu hwanka. Maƙwabta har hoto sunka ɗauka, wallahi.

Baba yaz zo yaz zamna, shina kallon bango, ko hurar da anka kawo mai bai taɓa ba. Can yac ce, "Bello, kalar ɗakin asibitin nan ta." Ɗakin da kinka cika ciki, Inna. Ni ban ma tuna ba.

Shi kau Sanusi ashe tsohon ɗakinki yat tahi, yaɓ ɓamɓaro guntun bango yak kai ma mai haɗa hwenti. Anka haɗo mai wani abu, ba hwari ba ba ja ba, awa madarar da anka ɗiga ma shayi. Kalar ƙasar da kike shahe ɗaki da ita duk jajibirin salla. Baba na shiga ɗakin da Sanusi yag gyara mai gidanai Shagari yac ce a ɗauko mai buzunai. Yau sati ukku.

Abin da ka cin raina, wa ka ɗauko miki ƙasar ga bisa jaki? Ni. Sanusi na goye, shina tsotson hannu. Ni kike miƙa ma tsumma ki ce "dogo, kai min sama." Ta kwana cikin akaihuna shekara da shekaru, amma shi yat tuna, ni nim mance. Wanga abu shi ka hana ni cin tuwo, ba hwentinai ba.

Jiya na je ɗakinki da wuƙa. Ga ramin da Sanusi yab bari gehen taga. Niɓ ɓamɓari nawa, kuma ya hi nashi girma, ki shaida. Gobe zan kai ma mai haɗa hwenti, shuɗi zai tashi daga bangona. Ko Baba bai dawo ba, ni zan dinga shiga in zamna.

Allah shi sanyaya makwancinki, shi haskaka shi, shi haɗa mu inda babu rabuwa.

Naki dogon,
Bello