Makullin da ke Cikin Kwallar Inna

Fagge, Kano.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da sanyin Jos. Mu nan lafiya, sai ciwon gwiwa, shi kuwa ya riga ya zama ɗan gida. Sikiru tela ne ke rubuta mini kamar kullum. Kin ce in daina wasiƙa in riƙa kiranki. Ba zan daina ba. Maganar waya iska ce, ta takarda kuwa ana sa ta ƙarƙashin matashi.

Kwamfutar da kika aiko don in zuba mata abin da ke kaina ta iso, Allah ya yi miki albarka. Ɗanki Nazifi ya ajiye ta a ɗakina, ya nuna mini jan maɓallin da zan danna in yi magana ta ɗauka. Na fara da gidajen layinmu da aka rushe aka yi siton atamfa.

Ashe ɗakin haya na samu, ba gida ba. Nazifi ya ɗauko wani Chibuike daga Kasuwar Sabon Gari ya yi mata dabara. Yanzu a cikinta ake buga wasan ƙwallo, hoton ya bi iska ya fito a talabijin ɗin falo. Ni ina ɗaki ina ba ta tarihi, ɗanki da abokinsa Somtochukwu suna falo suna ta danne-danne. Na ce masa jaki ɗaya ba ya zuwa kasuwa biyu a lokaci guda. Ya ce wai wannan jakin ya yi boko. Da aka kira la'asar na zare wayarta daga bango, yadda nake wa rediyo, ki zo ki ji ihu kamar an yi gobara.

Somtochukwu jikan Celestine ne mai kayan keke, abokina, kin san shi. Shekarar da mutanen Sabon Gari suka gudu kafin yaƙin basasa, da yawansu sun bar makullan gidajensu a hannun mutanen Fagge. Ni na san waɗanda suka riƙe, shi ya san masu gidajen. Kowa rabi gare shi. Akwai kuma makulli ɗaya a kwallar Inna mai sunanki, wanda ba a taɓa zuwa karɓa ba. Ta rasu ban tambaye ta mai shi ba. Na aika wa Celestine ya zo mu haɗa rabi da rabi.

Ki gaida maigidanki. Ki huta lafiya.

Mahaifinki,
Gwadabe.

Fagge, Kano.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Ni dai ga ni nan.

Celestine ya rasu, Uwata. Ranar Talata na je Sabon Gari na yi wa matarsa Philomena gaisuwa. Gida za su kai shi, can Kudu.

Ya zo kafin rasuwarsa. Philomena ce ta kawo shi a adaidaita sahu, da ƙyar ya tsallake bakin zaure. Na danna jan maɓalli, muka zauna tun hantsi har azahar. Shi ya faɗi mai gida, ni in faɗi mai riƙon makulli. Ya ce tsufa ya cinye ni, na ce shi ai ƙashi kawai aka bari. Da na fito da makullin Inna, ya juya shi a hannu, ya yi kuka, ya faɗi sunan matar da ta bar shi da garinsu.

Bayan na dawo daga gaisuwa na ce wa Nazifi ya kunna mini in ji muryar abokina. Babu ni, babu Celestine. Sai ihun 'yan kallo da busar usur, daga fari har ƙarshe. Yaran suna wasansu a falo ranar. Chibuike ya zo ya duba, ya ce in ana wasa, kunnenta wajen wasan yake komawa, ya manta bai gyara wannan ba. Ya yi ta ba ni haƙuri. Na haƙura, to in yi yaya?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan matar ya ɓace mini. Ni Gwadabe, da ake tasowa daga Kurna a tambaye ni kakan kakan mutum. Ranar ban riƙe komai ba, na saki kaina, na ce ai na'ura tana riƙewa. Na tambayi Philomena, ta ce ita bayan yaƙi aka kawo ta Kano.

Na naɗe kwamfutar da tsohon bargo na sa a akwati. Ɗanki yana gaishe ni ina amsawa, iyakarta ke nan. Kada ki sake aiko mini da komai mai waya. Na gaji.

Mahaifinki,
Gwadabe.

Fagge, Kano.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Saƙonki ya iso ta bakin Sikiru, wai in yi wa yaron sassauci. Ki ji abin da ya faru tukuna.

Jiya da safe Nazifi da Somtochukwu suka zo suka tsuguna a ƙofar ɗakina, kowa yana zungurin ɗan'uwansa ya fara. Ashe ranar nan muryoyinmu ba su ɓace ba, falo suka tafi. Duk abin da muka faɗa ta talabijin ya riƙa fitowa, a kan ihun ƙwallo. Tsoro ne ya hana su faɗa mini, don sun san hukuncin mai laɓe a gidan nan. Suka ce da farko dariya suke yi, wai tsofaffi sun zama masu sharhin wasa. Daga baya suka ajiye abin dannawar, 'yan wasan suka tsaya cirko-cirko a fili ba mai kora su, su kuma suna saurare.

Na ce ƙarya ne, a gwada. Sai Somtochukwu ya gyara zama, ya faɗi sunan mai gida na farko, har da ɗan tarin nan da kakansa ke yi kafin ya yi magana. Bakina ya ba da amsa kafin in yi shawara da shi. Muka yi ta tafiya haka. Wasu sun kuɓuce masa, waɗannan sun tafi ke nan, ba mai dawo da su.

Da muka zo kan makullin Inna, sunan ya ɓace masa. Sai ɗanki, wanda ake aika sayen gishiri ya dawo da sukari, ya ce Agnes mai ɗinki ce, 'yar garin su Celestine, gidanta na kusa da famfo. Ya ce ya riƙe ne saboda a nan tsohon ya yi kuka. Na maimaita sunan har ya zauna inda ya kamata ya zauna tun farko.

Na ba Somtochukwu makullin, zai tafi da shi jana'iza ya nemi zuriyarta. Sikiru ya ce gidan ai ya daɗe da zama shago, makullin ba ya buɗe komai. Na ce ya rubuta abin da aka sa shi. An ba Inna ajiya, ba a ce mata sai in gida yana tsaye ba.

Kwamfutar tana akwati har yanzu. Nazifi ya tambaya, na ce sai gwiwata ta yarda in sunkuya. Kwallar Inna kuwa na wanke ta, in kin zo ki ɗauki abarki, babu komai a ciki yanzu.

Allah ya sada mu da alheri.

Mahaifinki,
Gwadabe.