Rasuwar Hajiya Dakta Murja Dabo Zango, Mai Haɗa Mu Biyu-Biyu

Cikin alhini da karyewar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Binciken Noma da Kiwo ta Ƙasar Daura ta samu labarin rasuwar shugabarta, uwarmu kuma malamarmu, Hajiya Dakta Murja Dabo Zango, bayan gajeriyar rashin lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ce ta hana ƙungiyar nan darewa gida biyu sa'ad da fasahar ƙirƙirarriyar basira ta shigo aikinmu, wasunmu suka rungume ta ido rufe, wasu suka rantse ba za su taɓa ta ba. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana nazarin halayenmu, har ta nuna mana cewa ba digiri ko shekaru ne suka raba mu ba, hali ne: mai rawar kai a kasuwa shi ne mai rawar kai gaban na'ura, wanda kuwa sai ya latsa tayar babur kafin ya hau, shi ne mai zargin na'urar.

Ba ta ce kowa ya canza halinsa ba. Sai ta haɗa mu biyu-biyu kamar shanun huɗa, mai gaggawa da mai ɗari-ɗari, ta kafa doka cewa babu shawarar da na'ura za ta bayar ta isa kunnen manomi sai dukansu biyun sun amince.

Ba za mu ɓoye wa jama'a ba, tun ranar jana'iza wannan haɗin ya watse, kowa ya koma wurin masu irin halinsa. Shawarar lokacin shukar gero ta bana ba ta fita ba. Hadari yana haɗuwa, manoman Zango da Mashi suna ta kiranmu, wasunsu irin da ke hannunsu shi ne na ƙarshe, mu kuwa ba mu da amsa, kuma tsoro ya kama mu.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Alhaji Saminu Maiturare, da 'ya'yanta Firdausi da Suhaibu, da ɗaukacin al'ummar masarautar Daura. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan babban rashi.

Ga 'yan ƙungiya kuma, muna roƙonku don girman Allah, ranar addu'ar bakwai kada kowa ya zo shi kaɗai. Kowa ya biya ya ɗauko abokin da ta haɗa shi da shi.

Sa hannu:
Malam Kabiru Auta Mashi
Kakakin Ƙungiya