Ni Nake Sauke Makunnin Cajin Motar Ɗana

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Allah ya sa kuna lafiya, ku da iyalanku. Don Allah a ɓoye sunana. Ni uwa ce, ina zaune a Wulari cikin Maiduguri. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, in kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri. Roƙona ɗaya, ku kai ƙarshe kafin ku ce komai a kaina, don abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina.

Da bazara abin ya fara, a shekarar da aka fasa turakun wuta garin nan ya zauna babu lantarki wata da watanni. Zafin shekarar ko tsofaffi sun yi maganarsa. Ruwan randa kamar an ɗora a wuta, ƙanƙara ta zama abin kai wa mara lafiya a asibiti, mai kuma ya yi tsadar da janareta ma sai gidan wane da wane. Mutane duk a takure, ba mai doguwar gaisuwa. A cikin wannan hali ɗana, wanda zan kira Babagana duk da ba sunansa ba ne, ya hau rufin gidanmu ya jera farantan sola, don sana'arsa ke nan, kayan sola yake sayarwa a Kasuwar Kwastam. Muka samu fanka, muka samu fitila, matarsa Yagana ta samu firiza ta fara sayar da ƙanƙara da zoɓo. Bayan nan sai ga shi da wata 'yar ƙaramar mota ta hannu, wadda ya saya wurin wani ma'aikacin agaji da zai bar gari. Ba ta shan mai, wuta take sha kamar waya. Maƙwabta suka taru kallo, wata tsohuwa ta zagaya ta tana neman inda hayaƙi ke fita, da ta rasa sai ta ce, "Wannan ai munafuka ce, tana shigowa gida ba sallama." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Sai na gaya muku wani abu kafin in ci gaba. Mahaifin Babagana, Allah ya jiƙansa, a hanyar Konduga aka kashe shi, yana dawowa daga gonarsa. Ranar da aka share makoki na kira yaron nan ɗakina, na ce masa, "Baba, in ka sake taka hanyar Konduga ban yafe ba." Haka na faɗa, da bakina, ina kuka. Ya durƙusa ya ce ya ji. Ku da kuke da uwaye kun san nauyin kalmar nan. Ni a lokacin ban auna ta ba, tsoro ne ya yi magana.

To motar nan tana son rana sosai kafin ta ƙoshi. Sai ya zama duk Laraba yakan bar ta a gida a jone, ya hau napep ya tafi kasuwa. Ya nuna mini wani akwati a bangon zaure mai makunni, ya ce, "Hajja, in yana sama tana sha, in ya sauka ta daina. Ke ce mai gadi, kar yara su taɓa." A jikin akwatin akwai ɗan gilashi da ke nuna lamba, daga ɗaya zuwa ɗari. Na ji daɗi ƙwarai, don lamba na iya ta, a aji ma ita na fi ganewa. Da yamma in ya shigo sai ya ce, "Hajja, ta cika?" in ce ta cika, ko saura kaɗan. Ranar Alhamis kuwa, kafin in shafa addu'ar asuba, sai in leƙo in ga wurin motar wayam. Motar mahaifinsa in za ta tashi har layin baya sai sun sani. Wannan ko kaza ba ta tayarwa.

Abin da ya fara tsaya mini a rai lambar nan ce. Sauran ranaku in ya je kasuwa ya dawo ya jona, kaɗan take raguwa. Ranar Alhamis sai ta dawo kusan babu komai a cikinta, tayoyi da jar laka, ga ƙaiƙayin ciyawa a ƙasan ƙofa. Wata Alhamis na ce masa a hankali, "Baba, ina aka je yau?" Ya ce, "Kwastam mana, Hajja, kaya aka kawo." Na ce, "Kwastam ɗin ce ta ƙara nisa? Na ga ta shanye wutar duka." Ya yi dariya, bai kalle ni ba, ya ce, "Hajja, wa ya kai ki makarantar nan ne? Yanzu mutum ba shi da sakat a gidan nan." Ya wuce ciki. Amma na lura dariyar iya baki ta tsaya.

Wata Laraba na buɗe bayan motar zan ɗauko tabarmar da muka je suna da ita, sai na tarar da buhu. Gishiri ne a ciki, da sabulu, da maganin zazzaɓi kwali-kwali, da silifas manya da ƙanana. Wanda ba a garin nan yake ba zai ce mene ne a gishiri da sabulu? Mu mun san su waye ake kai wa irin kayan nan a ɓoye. Mun san gidajen da aka zo aka ɗauki mutum saboda abin da bai kai wannan ba, har yau ba labarinsa. Na tsaya ina tambayar kaina, ɗan da na haifa zai ciyar da waɗanda suka kashe ubansa? Ko tsare shi suka yi suka ce sai ya riƙa kawowa? Ko mutanen ƙauyen da suka koma noma yake taimaka wa? Kuma me ya sa duk motocin duniya sai wadda ba ta da ƙara, wadda ba ta buƙatar mai balle a tambaye shi jarka a shingen sojoji? Tun daga ranar ko waya ya ɗauka ya koma gefe sai in kasa kunne. Abokansa da na sani tun suna yara, in sun zo gaishe ni, sai in riƙa kallon ƙafafunsu ko da laka.

Za ku ce me ya hana in zaunar da shi in tambaye shi. Na yi niyya ba sau ɗaya ba. Amma in na tambaya ya ce e, Konduga yake zuwa, kalmar da na faɗa ta hau kansa ke nan, a gabana, da sanina. In kuma ya rantse mini da ƙarya, na sa shi ya ƙara wani zunubin. Ina jin shi ma abin da ya rufe masa baki ke nan. Muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya, kowa na kewaye maganar.

Sai shaiɗan ya nuna mini makunnin. Na ce a raina, in ba ta ƙoshi ba ai ba za ta yi nisa ba, ba sai an yi magana ba. Larabar da ta biyo, da ya fita, Yagana tana can cikin gida tana ɗaura zoɓo, na je zaure na sauke shi. Na koma ɗakina kamar na ɗauki kayan wani. Da la'asar ta gabato na mayar da shi sama. Ya dawo ya ce, "Hajja, ta cika?" Na ce, "Rabi ta nuna, Baba." Ya ɗaga kai ya dubi sama, lokacin damina ta sauka, ya ce hadari ne. Washegari bai je ko'ina ba. Wallahi ranar har abinci na ƙara. Na ci gaba, Laraba bayan Laraba, hadari yana rufa mini asiri. Wani makon ya haƙura, wani makon ya ƙara mata kwana a jone da niyyar tafiya ranar Juma'a, ni kuma in bi shi da saukewa. Ya hau rufi ya wanke farantan, ya canja waya, ya kwance batir ya mayar. Ina zaune ina kallonsa yana zufa, har ruwa nake miƙa masa.

Da damina ta ɗauke, rana ta fito fes, babu sauran hadarin da za a ɗora wa laifi. Sai ya juya kan Yagana. Ya ce firizarta ce ke janye wutar, ya hana ta kunnawa ranar Laraba. Ta bari. Motar ba ta cika ba. Ya ce to a ɓoye take kunnawa in ya fita. Ina ji daga ɗakina tana cewa, "Yaya, wallahi tun safe a kashe take, ka taɓa ka ji, ƙanƙarar ma ta narke. Ka tambayi Hajja." Ya ce, "Kar ki sa Hajja a ciki." Ta zo har bakin ƙofata ta ce, "Hajja, kin ga na kunna?" Na ce, "Ban gani ba, 'yata." Gaskiya na faɗa, amma wace irin gaskiya ce wannan? Yarinyar nan ita ke dafa mini ruwan wanka, ita ke shafa mini man zafi a gwiwa.

Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne zai tafi da rabin. Alhamis ɗin makon jiya na leƙo na ga babu motar, alhali da idona na ga inda lambar ta tsaya. La'asar ta yi bai dawo ba, magariba ta yi, wayarsa ba ta shiga. Kowa ya san in yamma ta yi ana rufe hanyar shigowa gari, wanda ke waje ya kwana a waje. Ba zan iya rubuta yadda na kwana ba. Sai wajen hantsi ranar Juma'a wata motar itace ta jawo shi da igiya har ƙofar gida. Rigarsa duk ƙasa, leɓensa a fashe, gefen fuskarsa a kumbure. Daga bakin direban na ji cewa motar ta mutu masa a dawowa, kafin shinge, a wurin da ba a tsayawa. Sojoji suka ga mota a gefen hanya ba ƙara ba hayaƙi, suka kwantar da shi a ƙasa, suka tsare shi har gari ya waye kafin wani da ya san shi a kasuwa ya tsaya masa.

Bai ce mini komai ba sai "Hajja, ina kwana," kansa a ƙasa. Ya wuce wurin Yagana. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Saura kaɗan ki kashe ni saboda ƙanƙara." Ta ce, "Ni?" Ya ce, "Ki je gida ki huta, zan neme ki." Ta fito da mayafinta da 'yar jaka, ta durƙusa a gabana ta ce, "Hajja, ki yafe mini in na yi wani abu." Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Allah ya sawwaƙe." Ta tafi. Ya kira masu kura suka fitar da firizar.

Jiya Talata da yamma ya shigo da ƙaramin buhu ya ajiye a ƙofar ɗakina, ya ce wani ne ya ba shi. Na kwance, sai ga ɗanyar gyaɗa da ƙasarta, jar nan ƙanana irin wadda mahaifinsa yake shukawa, wadda ban ƙara gani ba tun rasuwarsa. Na ɓare ɗaya na sa a baki, hawaye suka zubo. Gonar ubansa yake nomawa a ɓoye, gishirin da sabulun na masu yi masa aiki ne? Haka zuciyata take so. Amma wata zuciyar tana ce mini, wa ya ba shi izinin noma a wurin, kuma me yake biya da shi? Ko ya kawo gyaɗar ne don ya rufe mini baki? Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran in ce wani abu. Na ce, "An gode." Ya ce, "Gobe zan bar ta a jone, Hajja. Yanzu ai babu firiza."

Yau Laraba. Da ya fita na ɗauki kujerata na kai zaure na zauna a gaban akwatin. Makunnin yana sama, ban taɓa shi ba, lambar tana hawa a hankali, a nan nake rubuta muku wannan. In na bar ta ta cika, zai ce ga shi nan, da ma Yagana ce, na tabbatar mata da laifin da ba nata ba, kuma ni da hannuna na ba shi guzurin hanyar da na ce ban yafe ba. In na sauke, na riga na ga zai tafi da rabin. In na faɗa masa gaskiya, dole maganar Konduga ta fito fili, kuma ban san abin da zan ji ba, ban san ko zan iya ɗauka ba. Malamai da ke karanta shafin nan, uwa tana iya janye irin kalmar nan ba tare da ta san abin da take yafewa ba? Iyaye mata 'yan uwana, da wane baki zan je gidan su Yagana?

Rana ta kusa tsakiya, lambar ta wuce inda na saba tsayar da ita. Kafin magariba zai shigo ya ce, "Hajja, ta cika?"

Don girman Allah, me zan yi?