Takabar da Ba Tawa Ba

Gwarzo, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hauwa da yara da harkar kasuwa a Agege. Allah ya ƙara lafiya, ya rufa asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana takawa zuwa masallacin Juma'a da kansa. Inna tana nan da mitar tsadar kananzir, ta koma kara da itace. 'Yata Fiddausi ta shiga izu na uku, kuma tun da Shari'a ta zo take sa hijabi har cikin ɗaki, wai ita ma ta girma.

Yaya, ka san ni tun ina ƙarama ba na iya kwana da magana a ciki. Datti direba na Kabo ya dawo daga Legas ranar Asabar, ya zo gidan nan, ya zauna a gaban Baba ya faɗi abin da ya gani a shagonka. Amma bari in fara tuna maka abin da muka sha, tun da kai ba ka nan.

Ranar da jirgin nan na Legas zuwa Fatakwal ya ɓace, kai ne ka bugo waya shagon Alhaji, ka ce a gaya mana sunan mijina Dalhatu yana cikin takardar fasinjoji. Ni a da ban san jirgi yana ɓata kamar akuya ba. A rediyo na ji cewa ma'aikatan hasumiya suna ganinsa ne a matsayin ɗan ɗigo a jikin gilashi, matuƙin ya ce ya kusa sauka, sai ɗigon ya ɗauke, aka yi ta kira shiru. Kwana tara ana nema. Jirage masu saukar ungulu suna shawagi a kan daji da ruwa, sojoji suna bin fadama da kwalekwale, mutanen ƙauyuka kowa ya ce ya ji ƙara, amma kowa da inda yake nunawa. Aka ce akwai wani baƙin akwati, wanda ashe ma ba baƙi ba ne, kalar manja gare shi, yana ɗan kuka a ƙarƙashin ruwa har kwana talatin don a gane inda yake. Ni da Inna muka zama masu gadin rediyo. Batir ya mutu, mu shanya shi a rana, mu mayar. A kwana na tara wani masunci ya ga mai yana yawo a kan ruwa da matashin kujera, masu nutso suka shiga suka tarar da jirgin ya nutse cikin laka. Ba a gane gawar kowa ba. Takardar sunayen nan ita ce ta zama shaida.

Aka yi wa Dalhatu sallar ga'ib, aka yi sadakar uku da bakwai da arba'in. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Babu kwalli, babu lalle, babu turare, ina yawo a tsakar gida da 'yar wuƙar da Goggo Sauda ta ba ni. Fiddausi ta daina cin tuwo har sai da muka kai ta asibiti. A duk wannan lokaci, wadda ta fi kowa riƙe ni ita ce Bushira, matar Hammadu na Lakwaya, abokin Dalhatu da ya bi shi Legas neman aiki. Duk Juma'a sai ta tako da ƙafa, da goyo a bayanta, ta tsefe min kai ta yi min kitso. Takan yi ƙorafin cewa Hammadu ya yi shiru tun da ya tafi, amma sai ta dube ni ta ji kunya. Wata rana tana tsaka da kitso ta ce, "Ni dai alhamdu lillahi, nawa yana raye, ko da bai aiko ba."

Kwana shida da na yi wankan fita takaba Datti ya zo. Ya ce ya ga wani mutum yana alwala a bayan shagonka, da hular da na ɗinka da hannuna, mai zare kore. Ya damƙe shi, kuma a gabanka Dalhatu ya faɗa masa komai. Zazzaɓi ya kwantar da shi ranar tafiyar, sai ya ba Hammadu tikitin da maigidansa ya saya masa, ya ce ya je ya amsa sunansa, ai ba wanda zai duba. Da jirgin ya ɓace sai tsoro ya kama shi, wai za a kama shi, wai idan ya dawo gida alƙali zai ce jinin Hammadu yana wuyansa, wai ba zai iya haɗa ido da Inna Asta, tsohuwar Hammadu, ba. Shi na san shi, tun fil azal ba shi da ƙarfin zuciya. Amma kai fa, Yaya? Kai ka goye ni, kai ka kai ni ɗakina.

Na zauna na yi ta juya saƙonka na ranar farko, sai yanzu na gane. Ba ka ce Dalhatu yana cikin jirgi ba. Cewa ka yi sunansa yana ciki. Ka auna kalmar ka tsare bakinka daga ƙarya, ka bar ni da sauran. Wannan ya fi komai yi min ciwo, domin ya nuna ba a ruɗe ka faɗa ba. Har atamfa ka aiko min da ita ta fitar takaba.

Jiya na sa Baba ya tambayi Malam, ba tare da ambaton suna ba, yadda macen da ba ta san mijinta ya rasu ba za ta yi. Na ɗauka zan kai wa Bushira wuƙar nan da zanen da na zauna da shi. Malam ya ce ana ƙirga takaba ne daga ranar rasuwa, don haka tata ta riga ta wuce ba ta sani ba. Ke nan ni na yi wa mijinta takaba, ita tana yi min kitso. Inna Asta kuma har yau tana tare motocin Legas tana tambaya.

Ranar Juma'a ni da Baba za mu tafi Lakwaya da safe mu gaya musu gaskiya, kafin Bushira ta taso, don har yanzu ba ta fasa zuwa ba. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. Idan akwai sauran kunya, ka sa Dalhatu a mota ya zo ya durƙusa a gaban tsohuwar nan da kansa. Maganar aurena da shi kuma, sai ya zo na ga ko zan iya kallonsa.

Ka gaida Hauwa da Lukuman da Badi'a. Baba ya ce kada in sa gaisuwarsa, Inna kuma sai kuka take yi. Mutumin da yake kwana a shagonka, ban san da wane suna zan gaishe shi ba, don nasa mun riga mun yi masa salla.

Ƙanwarka,
Zubaidatu