Ciyawar da Clarrie ya shuka

Kojonup, Yuni 1944

Clarrie nawa,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Yaya jikinka, yaya zazzaɓin can New Guinea? Ina fata aikin soja bai hana ka sauya safa ba, don na san halinka. Ni lafiya lau, sai gajiya.

Ruwa ya sauka, kulobarka ta fito shar. Ciyawar nan mai ganye uku da ka yi shekaru kana shukawa har mutane suna ce maka mahaukaci, yanzu masu wucewa tsayawa suke a bakin shinge suna kallo. Tumakin sun yi ƙiba kamar matan fasto.

Sai dai haihuwar bana ba ta yi kyau ba. Da yawansu ba su ɗauki ciki ba sam. Waɗanda suka ɗauka kuma naƙuda ba ta zuwa musu da ƙarfi, sai na sa hannu na zaro ɗan, yawanci a mace. Maƙwabcinmu tsoho Horrie ya duba ya ce, "Ragunanki ne malalata, uwargida. Halin maigidan suka ɗauko." Na yi dariya don kada in yi kuka a gabansa.

Ka san tumakin nan jinin waɗanda Baba ya ba mu ranar aurenmu ne. In suka daina haihuwa, ban san abin da za ka dawo ka tarar ba.

Taka har kullum,
Merle

Satumba 1944

Clarrie nawa,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗi zazzaɓin ya sake ka. Kek ɗin da na aiko a gwangwani, kai ka ci ko abokanka?

Na yi yadda ka ce. Na ware 'yan matan garken, haihuwar bara, na kai su filin rafi inda kuloba ta fi kauri, don su yi ƙarfi kafin a sa musu rago. Su ne sauran abin da muke da shi, ina lallaɓa su kamar ƙwai.

Amma Clarrie, akwai abin da ke ba ni tsoro. Ranar askin tumaki Horrie ya kifar da wani dandaƙaƙƙen rago, sai ga hantsa, har nono na ɗiga. Ya ce, "To fa! Wannan kuma wa ya yi masa ciki?" Masu aski suka kwashe da dariya. Da aka samu na biyu da na uku, ba wanda ya ƙara yin dariya.

Queenie ma ta tafi, tsohuwar tunkiyar da ke bin ka har ƙofar kicin. Mahaifarta ce ta zazzago. Na wanke, na mayar, na ɗinke, washegari ta sake fitowa. Horrie ne ya ɗauki bindiga, ni na kasa.

Taka,
Merle

Oktoba 1944

Clarrie, masoyina,

Da fatan kana lafiya. Na daɗe riƙe da alƙalami kafin in fara.

Likitan dabbobi ya zo daga birnin Perth. Bai ko kalli ragunan ba. Ya durƙusa ya tsinki ganyen kuloba ɗaya, ya ce, "Ga abin da masu bincike suke zargi, uwargida, ba gonarku kaɗai ba." Wani abu ne a cikin ɗanyar kuloba yake lalata mahaifar tunkiya. Ya ce manyan da suka daɗe suna ci, kada in sa rai. Na ce 'yan matan fa? Ya ce wataƙila su tsira, in na kwashe su yau na kai su inda babu kuloba ko tsinke, har ta bushe.

Ban tsaya ya shanye shayinsa ba. Na kira kare, na buɗe ƙofar filin rafi, na koro su kan hanya. A nan na tsaya. Filin tudu kuloba ce, bayan rumfar aski kuloba ce, har gindin itatuwan da ka ce ba abin da zai tsiro. Busasshiyar ciyawar da muka ajiye ta ƙare tun cikin sanyi. Na je wajen Horrie, ya cire hula ya ce, "Ai a wurin mijinki na karɓi iri, 'yar nan. Duk layin nan a wurinsa muka karɓa."

Ban faɗa maka don in ɗora maka laifi ba. Na ga tafin hannunka a shekarun nan, na san ƙasar nan rairayi ce kafin ka taɓa ta. Ka yi aikinka da kyau, ba ka bar ko taku ɗaya ba.

Na mayar da su filin rafi, don can ne ruwa yake. Ina hango su ta taga yanzu, kowacce kai a ƙasa, suna ci. In ka san wani lungu a gonar nan da ka manta ba ka shuka ba, don Allah ka rubuto ka gaya mini.

Matarka mai jiran ka,
Merle