Alewar Gwabar Valdir

Hamamatsu, Japan

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba, ya kajin gona? Ki gaishe min da Goggo Neusa.

Lafiyata lau, aikin masana'anta ba laifi, kada ki damu. Sai dai abin da marigayi Kaka yakan ce, wai Japan gidanmu ce, ban ga alama ba. Fuskata irin tasu ce, amma ina buɗe baki sai a matsa.

Na ga Valdir ɗan Goggo a ɗakin cin abinci na masana'anta. Na ruga na rungume shi, na sumbaci kumatunsa kamar yadda muke yi a garinmu Bastos. Mama, sai ya ja da baya ya rusuna min kamar baƙuwa. Ya raɗa min: "Dalva, ki rufa min asiri. Nan ba wanda ya san ni ɗan Brazil ne." Ya koma cikin abokansa. Yaron da na yi renonsa.

In Goggo ta tambaya, ki ce ɗanta ya yi ƙiba. Alewar gwabar da ta ba ni in kai masa, ni kaɗai nake cin ta a ɗaki.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Dalva