Saukar da Baba daga Hawa na Ashirin

Pyongyang, farkon bazara

Yaya Tae-sop,

Gaisuwa mai yawa. Ya Hamhung, ya yara? Mai aikin jirgin ƙasa zai ba ka wannan hannu da hannu, don haka ba ɓoye-ɓoye.

Na gaji, Yaya. Gidan nan da aka ba Baba na gwarzon ma'aikata, hawa na ashirin ne, na'urar hawa kuwa ta mutu tun bara waccan. Ruwa ni ke hawowa da shi, gawayi ni, kabejin da muke tsimawa da yaji mu yi kimci ni. Na nemi musanya da na ƙasa, shugabar unguwa ta zaro ido: "Kyautar gwamnati za ki musanya? Kanki ɗaya kuwa?"

Baba ba ya son komai sai ya taka ƙasa, ya zauna bakin kogi ya ci taliyar dankali mai sanyi irin ta garinmu. Maƙwabta sun ce za su ɗauke shi, ya ce shi ba buhu ba ne, ɗansa zai goya shi. Ka zo.

Ƙanwarka,
Sun-nyo

*

Ƙanwata Sun-nyo,

Bayan gaisuwa da fatan Baba yana samun sauƙi. Na yi ta sintiri ofishin izinin tafiya. Sun ce shiga babban birni sai biki ko rasuwa. Kunyar Baba nake ji. Ki ƙara haƙuri.

Yayanki,
Tae-sop

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Haƙurin ma ya gaji da ni. Na karanta wa Baba wasiƙarka, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To aika masa talgiram cewa na mutu mana, 'yar nan! Ya zo ya sauke ni da raina, daga baya su yi ta faɗansu."

Na ce Baba, za a kore mu daga birnin. Ya ce ai korar ma ta ƙasa ake bi.

Tarin nan ba ya yi mini daɗi, abinci ma sai lallashi. Na ce masa a'a, amma ban san iya kwanakin da zan yi ina cewa a'a ba.

Sun-nyo

*

Sun-nyo,

Talgiram ɗinki na rasuwa ya iso, sun buga mini hatimin izinin tafiya. Ban tambaye ki komai ba, kada ki aiko da amsa, jirgi zai riga ta.

Matata ta ɗinka mini baƙin ƙyallen makoki. Na sa shi a jaka tare da garin taliya, kuma tun jiya nake gwada goya buhun masara a matakalar gidanmu.

Sai na iso.

Yayanki